Opal Ta Rasu, Kuma Harsashin Ba Na Gida Ba Ne

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, gidan Orval Haugen na bakin rafin Tolman, tare da ƙungiyar maharban da ke haɗuwa ranar Asabar a bayan tsohon rumbun alkama, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan arziki da waɗanda aka zarga, rasuwar Opal, bindiga mai liba, wato mariƙin ƙarfen da ake turawa a dawo da shi don harsashi ya hau. Ta cika ranar Asabar ɗin da ta gabata da hantsi, a kafaɗar mai ita, a gaban shaidu, bayan gajeruwar rashin lafiya wadda ba ta wuce tari ɗaya ba. Ta rasu tana da shekara ɗari da 'yan kai. Duk wanda ya san ta ya san ba tsufa ne ya kashe ta ba, kuma za mu zo kan wannan.

An haifi marigayiya a wata masana'anta can gabas, zamanin da ake ƙera abu don ya binne mai shi. Ta iso jihar Montana ta Amurka a keken doki, naɗe cikin bargo, tare da kakan gidan Ostby, ta kuma yi wa gidan hidima har jikoki. Ta ciyar da su naman barewa a shekarun da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gari. Ta tsare 'yan tumaki daga diloli. An ce ta taɓa fuskantar wata dabbar dawa a bakin garke, wadda ke ƙara girma duk lokacin da aka ba da labarin, don haka ba za mu auna ta a nan ba.

Ta shigo gidan Haugen ranar da aka yi gwanjon kayan matar Ostby ta ƙarshe. Samari biyu suka zo gwanjon a a-kori-kura ɗaya, Orval da amininsa Delbert Sauer, kuma kowannensu ya rantse wa ɗan uwansa a hanya cewa garma kawai ya zo dubawa. Ranar akwai sanyi. Delbert ya sha kofi fiye da abin da cikin mutum ke riƙewa, ya zaga bayan rumbu, kafin ya dawo gudumar mai gwanjo ta faɗi, Opal tana hammatar Orval. Orval ya ce shi bai san mai gwanjo zai kai kanta a daidai lokacin ba. Delbert ya ce ya tuna sarai wanda ya yi ta cika masa kofin. Shekara hamsin ke nan ba a rufe wannan shari'a ba. Tun daga ranar, in suka haɗu, gaisuwarsu ɗaya ce.

"Ya bindigata, marowaci? Kana ba ta mai kuwa?"

"Tana gaishe ka, kurma. Ta ce ka rage kofi."

Kuma a tsawon waɗannan shekaru Orval bai taɓa barin Delbert ya ɗauke ta ba, ko don ya miƙo masa ita daga bayan mota.

Halayenta na kirki ba sa buƙatar ƙari. Ba ta da surutu. In Orval ya tura libar gaba ya dawo da ita, abin da take cewa kawai shi ne ƙalas-ƙalas, cikin natsuwa, kamar an rufe ƙofar coci a hankali. Sai ta yi dum, murya mai kauri wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Sai a ɗan yi shiru, mutum ya haɗiye yawu, sannan daga can ƙarshen fili ragon ƙarfen da ake auna wa harbi ya amsa, ƙwang, ya kwanta. Waɗannan kalmomi uku su ne duk abin da ta taɓa faɗa, kuma sun ishe ta cin gasar kaka sau da yawa har Verna, matar Orval, ta fara shuka albasa a cikin kofunan gasar. A mafi yawan waɗannan shekaru Delbert ne ya zo na biyu. Wannan ma a riƙe shi.

Tana da tabo a ƙotarta inda wata goɗiya ta shure ta, ba ta taɓa ɓoye shi ba. Da safiyar sanyi takan karkata hagu kaɗan, amma wa ya kai shekarunta bai karkata ba? Aibinta ɗaya shi ne tsantseni wajen abinci. Harsashin da take ci an daina sayar da shi a kanti tun kafin a kawo wutar lantarki Tolman, saboda haka komai a gida ake yi mata. Orval ke narka dalma ya zuba a mazubi. Shi ke tsince kwanson da ta tofar, ya wanke, ya sa sabuwar hula mai tada wuta a gindi, ya auna albarushi, ya ɗora dalma, ya matse. Kowane kwanso nasa yana da ɗigon koren fenti a gindi, kamar yadda na Delbert ke da ja, don kada a yi rigima wajen tsinta.

Saboda surukai da sababbin shiga, masu sayen harsashi a kwali kamar sukari, bari a maimaita dokokin masu ɗuri. Gwangwanin albarushi ɗaya ake ɗorawa a tebur, ba biyu ba. Kafin a ɗora dalma sai an haska tocila cikin kowane kwanso an gani da ido, kada wani ya tafi wayam, kada wani ya sha awo biyu. Ta uku, wadda ta girme su duka: mutum ba ya harba abin da wani ya ɗura, ko da ubansa ne. Kuma kowa ya san bangon arewa na ɗakin ƙungiya, inda ake rataye bindigogin da suka fashe, a ƙona sunan mai laifi a katako a kafa ƙarƙashin kowace. Wanda sunansa ya hau, ba ya sake ɗuri shi kaɗai har abada, sai da mai sa ido a gefensa. Sunan Orval Haugen bai taɓa kusantar bangon nan ba. Yakan tsaya a gabansa, hannu a aljihu, ya karanta wa sababbin shiga sunayen da ƙarfi.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Asabar ɗin ta dace da zagayowar ranar haihuwar Orval. Ana cikin jera bindigogi sai Delbert ya fito da wani ƙaramin akwatin katako ɗaure da igiyar ciyawa, ya ajiye a gabansa, a idon kowa. Bindigar Delbert sa'ar Opal ce, abinci ɗaya suke ci. A cikin akwatin harsasai ne a jere, suna sheƙi, kowanne da jan ɗigo.

"Na marowaci ne," in ji Delbert. "Tunda ba ta taɓa cin abincin kirki ba, yau ta ɗanɗana."

Orval ya dubi akwatin, ya dubi mutane. Ya ce, "Ka san doka."

"Na san doka. Ni na koya maka ita. Ko tsoro kake ji, tsoho?"

Da wani ne, da Orval ya yi godiya, ya kai akwatin gida, ya warware su ɗaya-ɗaya ya zubar da albarushin a gindin tumatir, kamar yadda ake yi wa irin wannan kyauta. Amma bara aka binne Arlene, matar Delbert, kuma tun daga nan wannan ne karo na farko da aka ga Delbert ya aske gemu ya zo da zolaya a baki. Orval ya kwance igiyar.

Harbi na farko, dum, ƙwang. Na biyu haka. Delbert yana bayansa yana cewa, "Kun ji? Yau ta ƙoshi." A na gaba ne marigayiya ta yi tari. Tuf. Wata 'yar murya wadda ba a taɓa ji daga bakinta ba. Duk mai ɗuri ya san abin da wannan tari ke nufi: kwanso ba albarushi, hular kaɗai ta tura dalma ta maƙale a maƙogwaro, dole a tsaya a leƙa. Amma agogon gasa yana tafiya, kunnuwan Orval a toshe, Delbert kuma yana ta "Yi sauri mana, ragon nan zai tsufa." Ƙalas-ƙalas, ta ce, karo na ƙarshe. Abin da ya biyo baya ba muryarta ba ce, ba kuma za mu rubuta shi ba.

Da hayaƙi ya washe, hancinta ya tsage kamar itacen da tsawa ta faɗa wa. Orval ya rasa gira ɗaya, wani ɗan ƙarfe ya shiga babban yatsansa. Ita ta ɗauke sauran. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa har a mutuwa ta karkata hagu, inda ba kowa.

Orval bai yi kuka ba. Ya naɗe ta a bargo, ya ɗauki akwatin Delbert ya sa a ƙarƙashin kujerar mota, ya tafi gida ya shimfiɗa ta a teburin cin abinci, ya zauna ya fara tunani. Duk wanda ya taɓa sayen maraƙi a hannun Orval ya san in ya fara tunani ba ya barin kowa a waje.

Ya fara da Wendell Pruitt, maƙerin bindigogi, wanda kuma shi ke ƙona sunaye a bango. Da bazara Wendell ya leƙa maƙogwaronta ya ce lafiya lau, amma ya daɗe yana shafa libar, har ya ce irin waɗannan kusoshi yanzu ko an yi yawon duniya ba a samu. Me ya sa mai duba mara lafiya zai yaba kusoshinsa? Kuma wa ya fara isowa wurin gawa, har ya durƙusa yana tsince-tsince a ciyawa? Orval ya riƙe wannan kwana guda cur. Abin da ya wanke Wendell shi ne ragwancinsa, don kowa ya san bai taɓa gama aiki a ranar da ya dace ba, balle ya shirya mutuwa ta faɗo daidai ranar haihuwa.

Sai ya juya kan Verna, wadda ta sha cewa ta gaji da cin dankali mai warin man bindiga. Ya tambaye ta a kaikaice ko ta shiga rumfar ɗuri da tsintsiya kwanan nan. Verna ta ce rabonta da rumfar tun ranar da ta ga ɓera ya fito daga ciki yana atishawa, ta kuma ce in ya gama bincike ya ɗauke mamaciyar daga tebur, tana son murza fulawa. An sallame ta, ko da yake Orval ya lura ba ta sa baƙin kaya ba.

Saura mutum ɗaya, kuma tun farko shi ne. Orval ya jera abin a ransa kamar yadda yake jera kwanso. Wa ya so ta tun ranar gwanjo? Wa ya ƙare rayuwarsa yana zuwa na biyu? Wa ya kawo akwatin a gaban jama'a, inda ƙi zai zama cin fuska? Wa ya tsaya a baya yana cewa yi sauri a daidai lokacin da ta yi tari? Kuma me ya sa tun ranar Delbert bai zo gaisuwa ba, bai buga waya ba, ko motarsa ba a gani a gari ba? Orval ya gaya wa Verna cewa akwai mutumin da zai iya jiran shekara hamsin, kuma ya san shi. Wendell ya aiko cewa ƙarfen ƙona suna yana nan a shirye, kwanson da ya tsinta jan ɗigo ne a gindinsa, kalma ɗaya kawai yake jira. Orval ya ce ya jira, yana son ya kama hujja da hannunsa tukuna.

Ya shiga rumfa da akwatin, ya fara warware abin da ya rage, yana zuba cikin kowanne a ma'auni. Na farko daidai. Na biyu daidai, awo mai kyau, irin na Delbert na da. Na gaba wayam. Na bayansa ya sha awo biyu har ya kusa baki. Sai daidai, sai daidai, sai wayam kuma. A wani ma ya tarar da albarushi iri biyu a gauraye, mai ƙwaya da mai fale-fale. Orval ya daɗe yana kallon tebur. Shi mutum ne da ya yi cinikin shanu da mutane iri-iri, ya san yadda mugunta ke aiki. Mai son kashe bindiga harsashi ɗaya zai lalata, ya sa shi a tsakiya, ya gyara sauran tsaf don in an bincika a ga hannunsa fari. Wannan akwati kuwa ba tsari a cikinsa ko kaɗan. Kuma ya tuna inda Delbert ya tsaya ranar Asabar: dab da kafaɗarsa, ba ko gilashi a ido.

Duk da haka bai saki zargin ba, don Orval ba ya sakin abu sai ya ga inda zai ajiye shi. Washegari da safe ya tuƙa zuwa gonar Sauer, wai ya zo aron mazurari. Ya sami Delbert a rumfarsa, zaune a kan bokiti, gemu ya dawo. A kan teburin ɗuri gwangwani biyu, duka a buɗe. A gefen tebur akwai wata kujera mai matashi, tocila a kanta, ƙura ta rufe su.

"Ka zo da Wendell?" in ji Delbert, bai ɗago ba.

"Na zo aron mazurari."

"Kana da uku."

Orval ya rufe gwangwani ɗaya, ya sauke shi ƙasa. Ya nuna kujerar da haɓa. "Wannan fa?"

"Ta Arlene ce." Delbert ya shafa gwiwa. "Ita ke haskawa. Tun da muka yi aure. Ni ina zubawa, ita tana leƙawa tana cewa wuce, wuce, wannan koma. Ban taɓa gaya muku ba, da kun cinye ni da dariya. Yanzu sai in fara layi, in ji kamar an yi magana a kicin, in dawo, in rasa inda na tsaya. Na tuna na fara akwatinka, Orval. Ban tuna na gama ba. Na dai gan shi a ɗaure."

"Kuma ka ce in yi sauri."

"Ban ji tarin ba. Kai ke ce mini kurma, ka ɗauka wasa ne?"

Delbert ya ci gaba da magana yana kallon ƙasa. Ɗansa Kent, wanda ke aikin inshora a birnin Billings, ya riga ya samo masa ɗaki a gidan tsofaffi tun ranar da Delbert ya bar murhu a kunne, taga tana kallon filin ajiye motoci, ba a shiga da ko wuƙar yanka tuffa. Kent ya ce in abu ɗaya ya ƙara faruwa, zai zo da mota ya ɗauke shi. "In sunana ya hau bangon nan, kafin fasto ya ce amin ranar Lahadi Kent ya ji. Ka gaya wa Wendell ya rubuta Sauer daidai, akwai u a ciki."

Orval ya ɗauki mazurarin da ba ya buƙata, ya ɗauki tocilar Arlene ya hure ƙurar, ya gwada ta, ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ranar gwanjo," ya ce, "kai ka yi ta miƙo kofin."

"Kai ka yi ta cikawa."

Daga nan kai tsaye shagon Wendell ya nufa. Mai rubuta wannan sanarwa yana wurin, yana jiran wata kusa da aka yi masa alkawari tun damina, don haka abin da ke biye da kunnensa ya ji.

"Hura ƙarfenka," in ji Orval. "Haugen za ka rubuta."

Wendell ya ciro kwanson daga aljihu ya juya gindinsa. "Ja ne, Orval. Ni ba makaho ba ne."

"Wace doka ce ta fi tsufa, ta tocila ko ta kada ka harba na wani?"

"Ta kada ka harba na wani."

"Wa ya karya ta? Wa ta yi wa tari a kunne ya ja liba? To rubuta. Kuma ka sani, tunda yanzu ba ni da ikon ɗuri sai da mai sa ido, na zaɓi nawa. Delbert Sauer. Duk Laraba, a rumfata. Zai riƙe tocila."

"Delbert zai sa maka ido," Wendell ya maimaita a hankali.

"Shi ya koya mini doka. Kuma mai sa ido ba shi da lokacin yin nasa ɗurin, saboda haka gwangwanayensa da ma'auninsa za su dawo wurina, abincin bindigarsa ma a teburina za a riƙa yi. In ya leƙa ya ce wuce, ni ma in leƙa. Akwai dokar da ta hana ido huɗu?"

Wendell ya duba bai sami dokar ba. Ya ce to kusoshin fa, tunda ita ba ta da sauran amfani da su? Orval ya ce yana sane da kowace ɗaya, kuma zai riƙa zuwa yana dubawa.

Abin da zai isa Billings, saboda haka, shi ne cewa ƙungiya ta ɗora wa Delbert Sauer nauyin sa ido a kan wani tsoho da ya fasa bindigarsa, kuma ba za a iya rasa shi ranar Laraba ba. Wannan gaskiya ce, kowa yana iya rantsuwa a kanta. Sauran abin da ke cikin wannan takarda na 'yan ƙungiya ne. An liƙa ta a cikin ɗaki, ba a ƙofa ba, kuma an san waɗanda ke da makulli. In wata magana ta haye dutse ta kai kunnen Kent, Orval yana da lokaci yanzu, kuma kun ga yadda yake bincike.

Marigayiya ta bar Orval, mai gira ɗaya, wanda har yanzu hannunsa na dama ke tura iska gaba ya dawo da ita in yana zaune a coci. Ta bar Verna, wadda ta karɓi teburinta, ta kuma nemi a rubuta cewa ita ma ta ji wani abu. Ta bar ƙanne biyu a kabad, masu liba su ma, ɗaya mai yawan tsalle, ɗaya ba ta taɓa samun ragon ƙarfe ba sai bisa kuskure. Ta bar kuben fata wanda ya ɗauki siffarta, ba kuma zai dace da kowa ba. Ta bar marayun kwanso masu koren ɗigo cike da gwangwanayen kofi, waɗanda babu mai cin gadonsu a duk gundumar nan sai sa'arta, bindigar Delbert. Orval ya so a san cewa wannan bai wuce masa ba, ya lura da wanda ya ci riba, kuma zai ci gaba da lura duk Laraba. Ragon ƙarfe na ƙarshen fili ba ya cikin masu makoki, an kuma roƙe shi ya rage fara'a.

Jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan tsakar rana, a ɗakin ƙungiya. Za a rataye ta a bangon arewa, a sama, inda hannun Wendell ba ya kai, an kuma roƙe shi ya bar sukuddireba a gida. Fasto ya ce littafinsa ba shi da addu'ar bindiga, amma zai zo saboda waken Verna mai naman barewa. Masu son kawo gudummawa su kawo abin ci. Kada kowa ya kawo komai a cikin akwati ɗaure da igiya.

Daga mota zuwa bango Delbert ne zai ɗauke ta. Orval ya amince da haka da bakinsa, bisa sharaɗin zai bi shi a baya taku da taku. Bayan an kafa katakon, Orval zai karanta sunan da ke jiki da ƙarfi, kamar yadda ya saba karanta na wasu. Sannan za a fita fili a yi mata harbin ban kwana, kowa da abin da ya ɗura da hannunsa, ban da mutum ɗaya. Harbi na ƙarshe na Delbert ne, da harsashi mai ɗigo biyu a gindi, kore da ja, na farko da ya fito daga teburin Laraba. Delbert ya ce sai ya girgiza shi a kunne ya ji motsin albarushi kafin ya yarda ya sa wa bindigarsa, don ya san wanda ya auna. An bar shi ya yi, ba a kuma gaya masa wane kunne ne mai ji ba.

Allah ya ba gidan Haugen haƙurin wannan rashi, ya sa iyakar wahalar ke nan. Bayan an gama za a sha kofi. Orval ya nemi a bar masa cika kofin Delbert da kansa. Delbert ya ce ya gode, zai zo da butarsa, kuma ba zai zaga bayan rumbu ba sai kowa ya watse.